Littattafan Da Ake Yanke Mana Hukunci Da Su

A watan Agustan 1957, wata biyar kacal bayan Gana ta samu 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta fitar da manyan zangon Kumasi biyu daga ƙasar: Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Dukansu jiga-jigai ne a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da 'yan adawar ƙasar Asante. Mutanen nan ba su miƙa wuya ba. Sun garzaya kotu, suka ce su 'yan ƙasa ne, don haka dokar korar baƙi ba ta hau kansu ba. Ana cikin shari'a sai majalisa ta zauna ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta ba minista ikon fitar da su, ta kuma kashe ƙarar da ke gaban alƙali. Aka kai su Najeriya.

Dattawan Aboabo da Yalwa da Alabar, unguwannin zangon Kumasi, sun san wannan labari, wasu ma a gabansu aka yi. Amma inda labarin yake zaune daram, da ranakunsa, da hujjar kowane ɓangare, da dalilin alƙali, shi ne kundin rahoton shari'o'in Afirka ta Yamma na waccan shekara. Ɗaliban lauya suna karanta shi a darasin tsarin mulki, a matsayin misalin yadda majalisa ta taɓa fin ƙarfin kotu. Yawancinsu ba su taɓa taka zango ba. Jikokin mutanen da abin ya shafa kuwa, da yawansu ba su san akwai shafin ba.

Irin wannan littafi nake son mu tattauna a kansa. Ba wanda ake ɗauka a karance daga bango zuwa bango ba ne. Shi ne wanda ake ajiyewa a kanta, sai gardama ta tashi a jawo shi a buɗe shafi kaza: kundin dokoki, rahoton hukunce-hukuncen kotu, rahoton ƙidayar jama'a, ƙamus, kundin tarihin rayuwar mutane, da manyan littattafan tarihi waɗanda sauran marubuta ke kafa hujja da su. Malamanmu na zaure suna ce wa irinsa marji'i, 'yan boko su ce madogara. Abin da ya dame ni shi ne, waɗannan littattafai suna aiki a kanmu ko mun buɗe su ko ba mu buɗe ba. Da su ake raba gadonmu, da su ake auna yawanmu, da su ake amsa tambayar ko mu 'yan ƙasa ne.

Zan fara da shari'a, domin nan abin ya fi cizo. Wanda ya yi karatun zaure ba zai sha wuyar gane ɗakin littattafan lauya ba, don tsarin ya yi kama da wanda ya saba da shi. A zaure akwai matani, kamar Risala ko Muhtasar, wanda muke kira Lawwali da Sani. Akwai sharhi da ke warware matanin. Akwai kuma fatawoyin da malamai suka bayar kan matsalolin da suka auku. A wajen lauya, matani shi ne tsarin mulkin 1992 da dokokin majalisa. Sharhi shi ne littafin da wani masani ya zauna ya rubuta a kan fanni guda, kamar filaye ko gado. Fatawa kuma ita ce hukuncin manyan kotuna, da ake tarawa shekara-shekara a juzu'ai masu kauri. Inda suka rabu shi ne, fatawar wani malami ba ta ɗaure ɗan'uwansa malami, amma hukuncin Kotun Ƙoli ya ɗaure duk wata kotu da ke ƙasa da ita. Shi ya sa lauyan da ya karanto maka matanin doka kawai, bai duba abin da kotuna suka ce a kanta ba, rabin aiki ya yi maka.

To, ina al'ada ta shigo? Sashe na 11 na tsarin mulki ya lissafa dokar gargajiya cikin dokokin ƙasa. Tambayar ita ce, ta yaya alƙalin da aka haifa a Ho ko Sekondi zai san al'adar mutanen da ba nasa ba? A zamanin Turawa sai an kawo shaidu sun tabbatar da al'adar, kamar yadda ake tabbatar da bashi. Daga 1960 aka sauya, aka ce sanin al'ada aikin alƙali ne, kuma dokar kotuna ta 1993 ta ba shi damar duba hukunce-hukuncen baya da littattafan masana idan yana neman haske. Ma'anar wannan a fili take: al'ummar da aka rubuta al'adarta, ta shiga kotu da shaidarta a hannu. Fantawa sun samu John Mensah Sarbah, lauya ɗan Cape Coast, wanda ya tattara dokokin gargajiyarsu a 1897, littafin da kotuna suka riƙa jingina da shi har a shari'ar mutanen da ba Fantawa ba. Tonawa, wato mutanen Asante, sun samu aikin Baturen nan R. S. Rattray kan dokoki da tsarin sarautar Asante a 1929. Mai shari'a Nii Amaa Ollennu ya rubuta na dokar filaye a 1962, ya biyo da na gado a 1966. Mu kuwa, abin da aka daɗe ana komawa gare shi kan yadda Musulmin wannan ƙasa ke aure da gado shi ne babi guda a cikin littafin J. N. D. Anderson na 1954, wanda ya zagaya ƙasashen da Ingila ke mulka yana duba matsayin shari'ar Musulunci. Babi guda, daga baƙon da ya ratsa ya wuce.

Ga yadda wannan giɓi yake bayyana a tsakar gida. A ce wani bawan Allah a Sawaba ya rasu. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Ya bar gida guda, da sidi 240,000 a banki, bai bar wasiyya a rubuce ba. Bayan addu'ar arba'in aka kira malam, ya zauna a tabarma da takarda da alƙalami, ya buga lissafin fara'il. Mata tana da sumuni, sidi 30,000. Uwa tana da sudusi, 40,000. Ragowar 170,000 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu: kowane namiji 68,000, mace 34,000. Gidan ma haka za a yi masa ƙima a raba. Kowa ya shafa fatiha. Kwana biyu babban ɗan ya dawo daga gari, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, banki sun ce ba za su saki ko kwabo ba sai da takardar izini daga kotu." Malam ya ce, "To, ai sai a nemo, yaro." Nan ne iyalin suka fara jin sunan dokar gado ta 1985, wadda lauyoyi ke kira PNDC 111.

Ita wannan doka lissafinta daban ne. Idan gida guda mamaci ya bari, na matarsa da 'ya'yansa ne su kaɗai, tare da kayan ɗaki, uwa ba ta da rabo a ciki. Sauran dukiya a kasa ta 16: mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a raba bisa al'adar mamacin. A kuɗin nan namu, mata za ta samu 45,000, 'ya'ya 135,000 a raba daidai wa daida, wato kowanne 45,000 ba bambancin namiji da mace, uwa 30,000, al'ada 30,000. Matuƙar iyali sun haɗa baki a kan rabon malam, babu mai jin kansu. Ranar da mutum ɗaya ya ƙi, ya kai ƙara, da wannan lissafi na biyu alƙali zai yi aiki.

Bai kamata a ɗauka an yi dokar don a cuci Musulmi ba, kuma littattafan sharhi sun bayyana asalinta. A al'adar Tonawa da sauran Akan, gado ta ɗakin uwa yake bi. Mutum zai mutu, ɗan 'yar'uwarsa ya gaje gona da gida, matar da ta yi shekara talatin tana noman koko tare da shi ta fita da 'ya'yanta hannu rabbana. Wannan zalunci gwamnatin Rawlings ta so ta magance, har daga baya aka mayar da korar matar mamaci daga gida laifi. Sai dai da aka tashi yin maganin, an shafa wa kowa, aka kuma soke sashen tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 wanda ya ce a raba gadon mai irin wannan aure bisa shari'ar Musulunci. Ita kanta dokar ta 1907 tana da tarko. Ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su hallara. A tambayi gidaje goma a Asawase a ji nawa suka yi haka. Kotuna sun sha ɗaukar auren da ba a yi wa wannan rajista ba a matsayin auren gargajiya kawai, komai yawan malaman da suka halarci ɗaurinsa.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce dokar wasiyya ta 1971. Mutum yana da ikon ya rubuta yadda yake so a yi da abin da ya tara da guminsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, su ma su sa hannu. Musulmi na iya rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa fara'il. Na san da yawa daga dattawanmu suna ƙyamar wannan, suna cewa ai babu wasiyya ga magaji. Gaskiya ne, amma wannan takarda ba ƙarin rabo take ba wani magaji ba, umarni ne cewa a bi rabon da Allah Ya yi. Duk da haka kotu na da hurumin duba ko an bar mata ko ƙaramin yaro ko iyaye cikin ƙunci, domin dokar ta tanadi haka, sashe na 22 na tsarin mulki ma ya kare haƙƙin matar mamaci ko mijin mamaciya. A ganina duk limamin da ke ɗaura aure yana kuma raba gado a zango, ya kamata waɗannan dokoki uku su kasance a ɗakinsa kusa da Risala. Ba don ya bar fiƙihu ba, sai don ya san inda za a tare mutanensa a hanya.

Tarihi kuma nasa ciwon daban ne. Babu wanda ya girma a zango bai taɓa jin an ce masa baƙo ba. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, kuma har yau akwai gidajen da ba su haɗu da 'yan'uwansu ba tun daga wannan rana. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta kasa mutane bisa lokacin haihuwarsu. Wanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957, alal misali, ɗan ƙasa ne idan a nan aka haife shi kuma a nan aka haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa. Ka ga ke nan tambayar "yaushe kakanka ya zo" ba hirar dandali ba ce, magana ce mai hukunci.

Amsar da manyan littattafai suka bayar ta fi abin da masu zagi da masu kare kai ke faɗa zurfi. Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817, Joseph Dupuis, wanda ya ji Larabci, ya biyo baya a 1820, dukansu a zamanin Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Bonsu. Sun tarar da unguwar Musulmi a tsakiyar gari, malamanta suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu, suna shiga fada. Sai dai gaskiya ita ce yawancin waɗannan Musulmi mutanen Gwanja ne da Dagomba da Mamprusi da Wangarawa, Hausawa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Ayarin fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, a mafi yawan ƙarni na 19, a Salaga ta ƙasar Gwanja yake sauke kaya. Paul Lovejoy, wanda ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1980, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe harkar. Bayan Turawa sun ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan arewa ya karye, kasuwa ta fara watsewa zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta. Sai bayan Turawa sun kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ne Hausawa suka shigo Kumasi da yawa, zangon da muka sani ya kafu. Saboda haka wanda ya ce jiya muka zo ya yi ƙarya, wanda kuma ya ce Hausawa ne suka fara kawo Musulunci fadar Asante ya ci haƙƙin wasu.

Wanda ya fi kowa haƙa wannan rami shi ne Ivor Wilks, da katafaren littafinsa na 1975 kan Asante a ƙarni na 19. Abin da ya ba aikinsa nauyi shi ne bai tsaya ga takardun Turawa ba. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta tura mutane gida-gida wajen malamai, daga Kumasi zuwa Wenchi da Wa da Yendi, suna aron takardun Larabci da ajami, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Wanda ya yi wannan zirga-zirga, ya san wace ƙofa za a ƙwanƙwasa da wace irin gaisuwa za a yi, shi ne Alhaji Usman Boyo. Ɗaruruwan takardu aka tara. Daga irinsu ne aka buga tarihin Gwanja, wanda malamai suka rubuta da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18, da fassara da sharhi a 1986. Daga baya John Hunwick ya jera sunayen marubutan wannan yanki da ayyukansu a juzu'i na huɗu na kundinsa na rubuce-rubucen Larabci a Afirka, wanda ya fito a 2003. Mai neman sanin ko kakansa malami ya bar wani rubutu, daga nan zai fara.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk lokacin da na bi waɗannan ayyuka, wato yawan hannun malamanmu a ciki da ƙarancin sunansu a bango. Tatsuniyoyi da al'adun Hausa da aka buga a juzu'i biyu a 1913 da sunan Rattray, Malam Shaihu ne ya zauna ya rubuta su da ajami a nan ƙasar, rubutun hannunsa ma yana cikin littafin shafi bayan shafi. Ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci na Adam Mischlich na 1906, a gaban Alhaji Umaru na Kete Krachi mai shi ya ƙoshi da Hausa. Shi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga kafin ya koma Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, kan annobar mura ta 1918, ya kuma rubuta tarihin ƙasashen Hausa a zube. Takardun nan Jamus suka tafi, a 2000 kuma wani farfesa ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya fitar da wasu daga cikinsu. Haka ma tarin takardun Musulmin Kumasi na farkon ƙarni na 19, layu da hatimai da wasiƙu, suna ɗakin karatun masarautar Denmark a Kopenhagen, masana kuma suna danganta zuwansu can da yaƙin Katamanso na 1826, wanda Asante ta gwabza da Turawa da mutanen bakin teku. Ban ce waɗannan Turawa ba su yi aiki ba. Sun yi, kuma ba don su ba da wani abin ya salwanta. Amma wajibi ne mai karatu ya san cewa abin da yake gani da Turanci sau da yawa maganar malamin zaure ce ta zagayo ta dawo masa.

Ilimin zamantakewa ba zan daɗe a kansa ba, sai dai lambobinsa suna da kaifi. Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mutanen ƙasar asalinsu daga waje ne, ta 1970 ta nuna adadin ya faɗo ƙasa da kashi 7. Tsakanin waɗannan lambobi biyu korar 1969 take. Yawan waɗanda suka fita kuwa, littattafai sun sha bamban ƙwarai, domin wani daga rajistar kan iyaka ya ɗauko, wani daga jarida, wani kintace ya yi. A ɓangaren addini, ƙidayar 2000 ta ba Musulmi kashi 15.9, abin da ƙungiyoyin Musulmi suka ƙi amincewa da shi a lokacin. Ta 2010 ta ce 17.6, ta 2021 ta ce 19.9 daga cikin mutum miliyan 30.8. Teburin ƙabilu kuwa manyan rukunai takwas yake nunawa, irin su Akan da Mole-Dagbani da Ewe da Ga-Dangme, sannan "sauransu". A cikin wannan "sauransu" Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme suke. Mai son ƙalubalantar waɗannan alƙaluma, ba a majalisar shayi zai yi ba. Sai ya karanta babin da hukumar ƙididdiga ta bayyana yadda ta yi tambayoyin da yadda ta kasa amsoshin, domin a can ne ake gane inda aka yi daidai da inda aka bar ƙofa.

Kan zangon kansa, aikin da har yanzu ake ambato shi ne na Enid Schildkrout na 1978, wadda ta zauna cikin Mosawan Kumasi a shekarun 1960, ta nuna yadda 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan suka ɗauki Hausa da Musulunci suka zama mutanen zango, ba tare da sun bar kiran kansu Mosawa ba. A Akra, Deborah Pellow ta yi makamancin haka kan Sabon Zango da zuriyar Malam Bako a 2002. Ayyuka ne masu kyau. Amma Aboabon 1967 ba ita ce ta yau ba, kuma ana ci gaba da kafa hujja da hoton da aka ɗauka kafin a haifi iyayen ɗaliban da ke rubuta kundin digiri yanzu.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake auna littafi, domin kaurinsa da tsadarsa ba su ne ingancinsa ba. Malaman hadisi sun riga sun koya mana tambayar farko: daga wa ka ji? A littafin boko amsar tana ƙasan shafi, cikin ƙananan rubutun nan da yawancinmu ke tsallakewa. Idan marubuci ya ce Sarkin Zango ya yi kaza a shekara kaza, duba lambar da ke jikin jimlar. Za ka ga ko dai fayil ne na ma'ajiyar takardun gwamnati, ko hira ce da wani dattijo a rana kaza, ko kuwa wani littafi ne kawai ya kwafo, shi ma wancan ya kwafo daga wani. Littattafai biyar da suka sha daga rijiya ɗaya shaida guda ce. Idan fayil ɗin gwamnati ne, ka tuna rahoton Baturen mulki ne zuwa ga na gaba da shi, ta bakin tafinta, kuma wanda ya fi shiga ofis shi ya fi fitowa da kyau a takarda. A irin waɗannan takardu ma duk sojan da ya fito daga arewa yana salla "Hausa" ake rubuta shi, ko da Bagurunshe ne ko Bamoshe ko Bayarabe, saboda haka lissafin "Hausawa" na wancan zamani sai an tace. Sai shekarar bugu. A tarihi tsohon littafi na iya zama zinariya, amma a shari'a yana iya kai ka ya baro. Duk sharhin filaye da aka buga kafin sabuwar dokar filaye ta 2020, sai an gwada shi da ita kafin a dogara da shi. Abin da ya fi sauƙi kuma shi ne fihirisa da ke ƙarshen littafi. Kafin ka sayi kundi ko ka are shi, juya baya ka nemi Salaga, ka nemi zango, ka nemi Musulmi. Minti biyu sun isa ka san ko marubucin ya san da zamanmu.

Samun littattafan ma aiki ne. Yawancinsu a Ingila da Holan da Amurka aka buga, da farashin da malamin makaranta ba zai iya ba. Amma ba su yi nisan da muke zato ba. Ɗakin karatun Prempeh na biyu a jami'ar KNUST ta Kumasi yana da su da dama. Reshen ma'ajiyar takardun gwamnati na Kumasi yana riƙe da fayilolin zamanin Turawa, ma'ajiyar fadar Manhyia kuma tana da bayanan shari'o'in da aka yi a kotunan Asantehene. A Akra akwai ɗakin karatu na Balme a Legon, da na George Padmore. Daga Aboabo zuwa Manhyia tafiyar ƙafa ce.

Nkrumah ya fahimci nauyin irin wannan littafi, shi ya sa ya gayyato W. E. B. Du Bois, masanin nan baƙar fata na Amurka, a 1961 don a rubuta babban kundin sanin Afirka da hannun 'yan Afirka. Du Bois ya rasu a Akra a 1963, juyin mulkin 1966 ya rage wa aikin ƙarfi, juzu'in farko na tarihin rayuwar manyan mutane, wanda ya ƙunshi Habasha da Gana, bai fito ba sai 1977. Idan aikin da gwamnati ta ɗauki nauyi ya sha wannan wuya, ban sa ran wani zai zo daga waje ya rubuta mana namu ba.

Abin da muka rasa a bayyane yake. Ba mu da kundin da ya jera sarakunan zangon Kumasi da limamanta da shekarun kowanne. Ba mu da na malamai da silsilar karatunsu, wa ya karanta a wajen wa, alhali ijazojin suna nan a cikin gafaka da akwatunan ƙarfe, gara da damina suna cin su. Ba mu da na matan da suka riƙe kasuwar goro da hatsi da abinci, suka gina gidaje suka kai mutane Makka, waɗanda ko a littattafan Turawan ma da wuya ka ga sunansu. Ba mu da ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, da zai ɗora fara'il da dokar 1985 gefe da gefe, lauya da malami su sa masa hannu tare. Yanzu muna da lauyoyi da malaman jami'a 'ya'yan zango, majalisa ma ta kafa asusun raya zango a 2017, kuma wayar da ke aljihun kowane saurayi ta fi na'urar da Alhaji Boyo da abokan aikinsa suka yi amfani da ita. Sharaɗin kawai shi ne a yi aikin yadda wani zai iya kafa hujja da shi: kowace takarda a rubuta gidan da aka same ta da wanda ya ba da izini, kowace hira a rubuta ranarta da sunan mai magana da shekarunsa, inda dattawa biyu suka saɓa a kawo maganar kowanne, sannan a ajiye kwafi ɗaya a masallaci, ɗaya a Manhyia, ɗaya a Legon.